Dillalin Gidaje da Filaye: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Yake Aikinsa da Abin da Ba Aikinsa Ba

Yawancin mutane ba sa hulɗa da dillalin gida sai sau ɗaya ko biyu a rayuwa, kuma ranar da za su yi, dukiyar da suka daɗe suna tarawa ce ake magana a kanta. Wani yana ɗaukar dillali maƙaryaci tun kafin ya buɗe baki. Wani kuma ya sakar masa komai, ya mai da shi lauya da injiniya da ma'aji lokaci guda. Dukansu biyu suna cutuwa, kuma na biyun ya fi jin jiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yawan yi. Dokar dillanci ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka inda aka kawo dokar wata ƙasa, an kawo ta ne don a ga yadda abin yake aiki.

Dillalin da ya yi ta zagayawa da ni yana nuna mini gidaje, ba ni yake yi wa aiki ba?

Sau da yawa ba kai ba ne, kuma daga nan yawancin rigingimu suke tasowa. Dillali wakili ne, kowane wakili kuma yana da wanda ya wakilta shi. Idan mai gida ne ya kira shi ya ce a nemo masa mai saye, to amanar mai gida ce a wuyansa. Aikinsa ya samo wa mai gidan farashi mai kyau da sharuɗɗan da suka fi masa. Fara'ar da yake yi maka da ɗaukar wayarka cikin dare ba su canza wannan ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Kun fito daga duba gida, kuna tsaye a bakin ƙofa yana kulle ta, kai kuma gidan ya kwanta maka a rai. Sai ka ce masa, "Zan taya miliyan 38, amma in ya ƙi, zan iya kaiwa 42." Ka ɗauka da abokin shawara kake magana, alhali ka gaya wa wakilin ɗaya ɓangaren iyakar ƙarfinka. Idan ya je ya shaida wa mai gida, bai ci amanarka ba, domin ba ka taɓa ba shi amana ba. A wasu ƙasashen ma ɓoye wa mai gida wannan labarin shi ne zai zama laifi a kansa.

Wannan ba ya nufin yana da izinin cutar ka. Ko ba kai yake wakilta ba, bai halatta ya yi maka ƙarya ba, ko ya yaudare ka game da gidan. Abin da ba ka da shi a wurinsa shi ne biyayya da rufin asiri. In kana son waɗannan, sai ka ɗauki naka dillalin, wanda zai tsaya maka a matsayin mai saye, ku yi yarjejeniya a rubuce. Tambayar farko da ya kamata ka yi wa kowane dillali, kafin ma ka tambayi kuɗin gida, ita ce wa yake wakilta a cinikin nan, kuma wa zai biya shi.

To dillali ɗaya zai iya tsaya wa mai saye da mai sayarwa duka?

Ana yi, amma a ganina abu ne da bai kamata a shiga da sauƙi ba. Ɗaya yana son a sayar da tsada, ɗaya yana son ya saya da araha, ba kuma yadda za a yi mutum ɗaya ya ja igiya ta kowane gefe. Wasu jihohin Amurka, kamar Florida da Colorado, sun hana irin wannan wakilci, sai dai dillali ya zama mai haɗa ciniki kawai, ba tare da ya ba kowa shawarar da za ta cutar da ɗayan ba. Inda aka yarda da shi, sai an sanar da ɓangarorin biyu sun amince a rubuce. Idan ka amince, ka san cewa ka haƙura da mai ba ka shawarar nawa za ka taya.

Wa ke biyan la'ada, kuma doka ce ta yanke adadinta?

A mafi yawan wurare doka ba ta yanke ta ba. Abin da ake kira "yadda aka saba" al'adar kasuwa ce, kuma ana iya yin ciniki a kanta kamar yadda ake yi a kan gidan. Bambancin da ke tsakanin ƙasashe ya isa shaida: a Amurka an daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na kuɗin gida, a Birtaniya kuwa galibi kashi 1 zuwa 2 ne.

Batun wanda zai biya ya jawo shari'u da sababbin dokoki. A Amurka mai sayarwa ne ya saba biyan la'adar dillalai biyun, nasa da na mai saye. A watan Oktoba na 2023 masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya da ke jihar Missouri suka sami ƙungiyar dillalan ƙasar, NAR, da wasu manyan kamfanoni da laifin haɗa baki wajen ɗaga la'ada, aka yanke diyyar kusan dala biliyan 1.8. A watan Maris na 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 don a sasanta, kuma daga watan Agusta na shekarar sai mai saye ya sa hannu a yarjejeniya da dillalinsa, wadda ta faɗi nawa za a biya shi, kafin ya fara zagayawa da shi. Jamus ta bi wata hanyar: tun 2015, a harkar haya, wanda ya ɗauki dillali shi zai biya shi, kuma daga ƙarshen 2020, a cinikin gidan zama, ba a ɗora wa mai saye fiye da rabin la'ada. Ingila ta hana karɓar yawancin kuɗaɗen dillanci daga 'yan haya a 2019.

Akwai kuma abin da mai saye ya kan manta. Ko da an ce mai gida ne zai biya, daga kuɗin da ka kawo za a cire, kuma mai gidan ya riga ya lissafa la'adar lokacin da yake sa farashi.

Ƙofa kawai ya buɗe mana, sai ya kwashi wannan maƙudan kuɗi? Me ya yi?

Wannan ƙorafi yana da gaskiya wani lokaci. Akwai dillalan da ba sa yin abin da ya wuce buɗe ƙofa, kuma ba su cancanci abin da suke karɓa ba. Amma buɗe ƙofa shi ne ɗan abin da ido yake gani daga aikin dillalin ƙwarai. Kafin ranar, ya bincika nawa aka sayar da gidaje makamantan wannan a 'yan watannin baya, ya ɗauki hotuna, ya yi talla da kuɗin aljihunsa, ya amsa wayar mutane masu yawa waɗanda akasarinsu kallo kawai suke so, ya tantance mai kuɗi a hannu da mai jiran bashin banki da wanda ba shi da ko ɗaya. Bayan an sallama kuma aikin ya fi nauyi, domin a tsakanin amincewa da biyan kuɗi ne ciniki ya fi rushewa. Banki ya yi jinkiri, an gano tsagewa a bango, magada sun sami saɓani, mai saye ya fara ja da baya. Wanda yake bin kowa da waya don kada abu ya watse shi ne dillali.

Sannan la'adar da ka gani ba duka take shiga aljihunsa ba. Ana raba ta da dillalin ɗaya ɓangaren, kamfanin da yake aiki a ƙarƙashinsa ya ɗauki nasa, a cire haraji da kuɗin talla. Kuma mafi yawansu ba su da albashi. Gidan da ya yi wata huɗu yana wahala a kai, mai shi ya fasa sayarwa, ya tashi a banza. La'adar cinikin da ya faɗa ita take ɗauke da asarar waɗanda ba su faɗa ba.

Tunda la'adarsa kaso ce daga kuɗin gida, ai dole ya nemo mini farashi mafi tsada, ko?

Wannan tunani yana da kama da gaskiya, amma lissafi bai goyi bayansa sosai ba. A ce an taya gidanka miliyan 40, a kowane irin kuɗi, la'ada kuma kashi 5 cikin 100 ce. Rabi ya tafi ga dillalin mai saye, kamfani ya raba sauran da dillalinka, abin da ya rage masa dubu 500 ne. Yanzu a ce in an yi haƙuri wata guda za a iya samun miliyan 42. Daga ƙarin miliyan 2 ɗin nan, kai za ka sami miliyan 1 da dubu 900. Shi kuwa dubu 25 kacal zai ƙaru da su, bayan ƙarin wata guda na zirga-zirga, ga kuma fargabar kada mai tayin farko ya gudu a rasa duka. Abin da ya fi masa shi ne a sayar yau.

An auna wannan a zahiri. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun duba cinikin gidaje kusan dubu 100 a yankin Chicago, a wani nazari da aka buga a 2008. Sun gano cewa idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na wanda ya ba shi aiki, kuma ya sayar da shi da farashin da ya ɗara na wancan da kusan kashi 3.7 cikin 100.

Ba ina cewa duk dillalin da ya ce maka "karɓi wannan tayin" son kansa yake yi ba. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, tayin farko shi ne mafi kyau, kuma gidan da ya daɗe a kasuwa mutane kan fara zarginsa. Amma ka nemi ya nuna maka hujja: waɗanne gidaje aka sayar, nawa, yaushe, mutum nawa suka zo kallo a makon nan. Yanke shawara naka ne, domin gidan naka ne.

Dillali ne ke yanke wa gida farashi?

A'a. Shawara yake bayarwa, mai gida ya sa farashi, kasuwa kuma ta amsa ko ta ƙi. Ƙiyasin dillali ya bambanta da rahoton ƙwararren mai kimanta kadara, wanda banki ko kotu ko hukumar haraji suke dogara da shi, kuma wanda yake ɗaukar alhakin abin da ya rubuta.

Ka yi hattara da wanda ya fi kowa yabon gidanka. In ka kira dillalai uku, biyu suka ce zai yi miliyan 40, na uku ya ce 50, zuciya na ukun za ta so. Wasu suna ɗaga ƙiyasi ne don su karɓi aikin, bayan ka sa hannu an yi makonni shiru, sai su dawo su ce kasuwa ta faɗi, a rage.

Na saya, bayan damina ta sauka na ga rufi yana yoyo, bango yana tsatsafo da ruwa. Ba laifin dillali ba ne?

Ya danganta da abin da ya sani da abin da ya faɗa. Idan ya san aibin ya ɓoye, ko ka tambaye shi ya ce babu, ko ya rubuta a talla abin da ba haka ba, to kana da hakki a kansa a kusan kowace ƙasa. Idan kuwa bai sani ba, da wuya a kama shi, domin doka ba ta ɗauke shi injiniya ba. Ba aikinsa ba ne ya hau rufi, ya gwada wayoyin lantarki, ya duba ko gara ta ci katako, ko harsashin ginin ya zauna daidai. Wannan aikin mai duba gini ne, wanda kai za ka ɗauka ka biya, kafin ka biya kuɗin gida. Sabon fenti a bango ɗaya kaɗai, ko kabad da aka jingina a wani lungu da bai dace ba, ko warin danshi a ɗakin da aka buɗe tagoginsa duka kafin ka iso, duk dalilai ne na kiran mai dubawa.

Tsohuwar ƙa'idar ciniki a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta ita ce mai saye ya buɗe idonsa. An sassauta ta a wurare da yawa. A Amurka, misali, dokar tarayya ta tilasta a sanar da mai saye abin da aka sani game da fenti mai gubar dalma a gidajen da aka gina kafin 1978, kuma dillali yana da alhakin tabbatar da an yi hakan. Akwai wata shari'a sananniya a New York a 1991, inda kotu ta ba mai saye damar neman warware ciniki saboda mai gidan ta daɗe tana yaɗa wa duniya cewa akwai fatalwa a gidan, amma ba ta gaya masa ba. A shari'ar nan ma, ba a ɗora wa dillalin alhaki ba, domin wakilin mai sayarwa ne.

Dillali ya ce takardun gidan ba su da matsala. Hakan bai isa ba?

Bai isa ba, ko da ka san shi mutumin kirki ne. Yana iya faɗin iyakar abin da ya sani, kuma abin da ya sani shi ne abin da mai gida ya nuna masa. Takarda a hannu ba ta nuna ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai ƙara a kotu, ko wanda yake sayarwa ɗaya ne daga cikin magada bakwai kuma sauran ba su sani ba, ko hukuma ta ware wurin don hanya. Waɗannan a ofishin rijistar filaye da kotu da hukumar tsara gari ake gano su, kuma lauya ne yake binciko su. Iyakar fili kuma aikin safiyo ne, ya zo da na'urarsa ya gwada ya ga ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke taswira. Dillali ya nuna da hannu ya ce "daga bishiyar can zuwa nan" ba awo ba ne.

Lauyan ya zama naka. Idan dillali ya kawo maka sunan wani, ba laifi ba ne, sau da yawa sun san waɗanda suka iya aikin. Amma ka tambaya ko akwai abin da ake ba shi in ya kai mutum, kuma kada ka yarda lauyan mai sayarwa ya zama shi ne kuma mai duba maka takardu.

Zan iya ba dillali kafin alƙalami ko kuɗin gidan a hannunsa?

Kada ka tura kuɗi asusunsa na kansa. Inda aka tsara sana'ar, doka ta tilasta a ajiye kuɗin abokin ciniki a asusu na dabam wanda ba a haɗa shi da kuɗin kamfani, ko a hannun lauya, ko wani amintacce na uku, har sai an cika sharuɗɗa. Kafin ka biya ko sisi, a rubuta mene ne kuɗin, wa zai riƙe, kuma a wane hali za a mayar maka in ciniki bai yiwu ba. Ka karɓi rasit mai suna da sa hannu.

Damfara iri biyu ta fi yawa a nan. Akwai wanda ba dillali ba ne sam, ya kwafi hotunan gidan wani ya sa a intanet da araha, ya ce mutane suna rububi, a turo wani abu a riƙe gida kafin a zo gani. Akwai kuma saƙon imel da ke zuwa daf da ranar biya, da sunan dillali ko lauya, yana cewa an canza lambar asusu. Duk lokacin da aka ce lambar asusu ta canza, ka kira lambar wayar da ka sani tun farko ka ji daga bakin mutumin.

Ya ce akwai wani da ya taya fiye da ni. Ta yaya zan san gaskiya ne?

Ba lalle ka iya sani ba, kuma ba dole ba ne ya nuna maka tayin wani. Amma ƙirƙiro tayin ƙarya yaudara ce da ake hukunta dillali a kanta. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar dillalan gidaje ta 1979, wajibi ne ya isar wa mai gida kowane tayi a rubuce ba tare da jinkiri ba, kuma ya bayyana in shi ko danginsa suna da wata maslaha a cinikin. Don haka ka miƙa tayinka a rubuce. Kariyarka ta gaske ita ce ka yanke iyakar abin da za ka iya biya tun kana gida, hankalinka a kwance.

Ka kuma san lokacin da ciniki yake ɗaurewa a dokar inda kake. A Ingila, ko mai gida ya amsa tayinka, kowa yana iya janyewa har sai an yi musayar takardun kwangila.

Ni na samo mai saye da kaina. Me zai sa in biya la'ada?

Amsar tana cikin takardar da ka sa wa hannu, wadda mutane da yawa ba sa karantawa. Akwai yarjejeniyar da ka ba dillalai da yawa aiki, wanda ya kawo mai saye shi ke da la'ada. Akwai wadda ka keɓe dillali ɗaya, amma in kai ka samo mai saye ba ka biya. Akwai kuma wadda ka ba shi hakkin sayarwa kacokan, ko ƙaninka ne ya saya a cikin wa'adin sai ka biya. Yawancinsu suna da sharaɗin cewa in wanda dillali ya fara nuna wa gidan ya dawo ya saya bayan wa'adi ya ƙare, har yanzu la'ada tana nan. Wannan sharaɗi adalci ne. Mutum ya yi wahala ya haɗa ku, sannan ku zagaya ta bayansa ku ƙulla don ku guje wa biyansa, cin hakki ne, kuma kotuna sukan bi wa dillali kadinsa in ya nuna shi ne silar cinikin. Abin da za ka duba kafin sa hannu shi ne tsawon wa'adi da yadda za ka fita in bai yi aiki ba.

Duk wanda ya ce shi dillali ne yana da lasisi?

A'a. A kowace jihar Amurka sai an yi karatu an ci jarrabawa. A Faransa dokar 1970 ta wajabta katin sana'a da izini a rubuce daga mai kadara, kuma ba a karɓar la'ada sai ciniki ya tabbata. Indiya ta wajabta rijistar dillalai a dokarta ta 2016. Afirka ta Kudu tana buƙatar takardar shaida daga hukumar da ke kula da sana'ar, wadda babu ita dillali ba shi da hakkin la'ada. A Ingila kuwa ba a buƙatar wata jarrabawa kafin mutum ya buɗe ofis, sai dai dole ya shiga tsarin sauraron koke-koke. Zama ɗan ƙungiyar dillalai kuma dabam yake da lasisin hukuma. Ka tambayi lambar rijista ka duba ta da kanka.

Ni 'yar haya ce. Famfo ya lalace, na kira dillalin da ya sama mini gidan ya ce ba ruwansa. Haka ne?

Yana iya yiwuwa gaskiyarsa ce. Aiki biyu ne ake haɗawa a nan. Akwai dillalin da aikinsa ya samo ɗan haya, ranar da aka ba ki makulli ya gama. Akwai kuma mai kula da gida, wanda mai gida yake biya a kai a kai don ya karɓi haya, ya sa a yi gyara, ya saurari koke. Wani lokaci mutum ɗaya ne yake yin duka, wani lokaci ba haka ba. Ki duba takardar hayarki ki ga sunan wanda za a kira. Ko da mai kula ne, da izinin mai gida yake kashe kuɗi, nauyin gyaran yana kan mai gidan.

Haka kuma dillali ba shi da ikon ya canza miki makulli ko ya fitar da kayanki don an sami saɓani. A yawancin ƙasashe fitar da ɗan haya sai an ba da sanarwa, in ya ƙi tashi a je kotu.

Na tambaye shi waɗanne irin mutane ne a unguwar, sai ya kauce. Ɓoye mini wani abu yake yi?

Wataƙila doka yake kiyayewa. A Amurka dokar 1968 ta hana wariya a harkar gidaje saboda launin fata ko addini ko asali, daga baya aka ƙara jinsi da naƙasa da masu yara. Karkata mutane zuwa wata unguwa ko nesanta su da ita saboda waɗannan dalilai laifi ne, ko da mai gida ne ya ba da umarni. Biyayyar wakili ga wanda ya wakilta tana tsayawa inda doka ta tsaya. In kana son sanin unguwa, ka je da kanka da safe da dare, ka gaisa da maƙwabta.

Me ya sa yake neman katin shaidata yana tambayar inda na samo kuɗi?

Gidaje suna daga cikin hanyoyin da ake wanke kuɗin haram, shi ya sa FATF, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin yaƙi da wanke kuɗin haram, ta sa dillalan gidaje cikin waɗanda dole su san abokin cinikinsu, su kuma kai rahoton abin da suke zargi. Wanda ya tambaye ka aikinsa yake yi.

Yanzu da komai yana intanet, ina buƙatar dillali kuwa?

Ba dole ba ne. A mafi yawan ƙasashe kana iya sayar da gidanka ko ka saya da kanka, muddin lauya ko wanda doka ta ba iko ya tsara takardun. Idan ka riga ka san mai sayen, ko kana da lokaci kuma ka san kasuwa, kana iya tsira da la'adar. Intanet ta rage wa dillalai abin da a da su kaɗai suke da shi, wato sanin wane gida ne na sayarwa. Abin da ba ta iya ba tukuna shi ne sanin gida ɗaya a kan titi ɗaya. Kamfanin Zillow na Amurka, wanda ya shahara da ƙiyasta kuɗin gidaje da kwamfuta, ya shiga sayen gidaje da kansa yana dogaro da ƙiyasinsa, ya tafka asara, ya rufe wannan sashe a ƙarshen 2021, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa.

In za ka yi da kanka, ka shirya amsa waya, shigar da baƙi gidanka, da zama gaba da gaba da mai saye yana kushe ɗakin da ka raini 'ya'yanka a ciki don ya rage kuɗi. Mutane da yawa a nan suke fusata su ɓata cinikin da ya kusa faɗawa.

Na tabbata dillali ya cuce ni. Ina zan kai ƙara?

Fara tattara abin da ke hannunka: yarjejeniya, rasit, hoton tallar kamar yadda aka sa ta, saƙonnin waya, da sunayen waɗanda aka yi magana a gabansu. Ka rubuta wa kamfanin da yake aiki a ƙarƙashinsa, ka faɗi abin da ya faru da abin da kake nema, domin kamfanin yana da alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi. In ba a saurare ka ba, sai hukumar da ta ba shi lasisi ko tsarin sauraron koke da yake ciki, su ne masu ikon tara ko dakatarwa ko ƙwace lasisi. In kuɗi ya karɓa ya ɓace, maganar 'yan sanda ce, kuma ka sanar da bankinka a ranar, domin sa'o'in farko su ne ake iya tsayar da kuɗin. Neman diyya mai yawa kuwa sai kotu, kuma kowace ƙasa tana da wa'adin da in ya wuce ba a karɓar ƙara, don haka ka ga lauya da wuri.